Tafiyar da Asibiti ko Ilimin Kwamfuta: Wanne Za Ka Fara Karantawa?

Ka ci jarrabawar bak, an yi maka barka, murna ta lafa, yanzu kowa a gida ya zuba ido ya ji abin da za ka karanta. Wataƙila kana cikin matasan da ke sha'awar aikin asibiti amma jini da allura ba nasu ba ne, ko kuma ka zauna konkur ɗin makarantar likitanci sunanka bai fito ba. Idan haka ne, da wuya ba a ambata maka hanyoyi biyun nan ba: ilimin tafiyar da asibiti da ilimin kwamfuta. Wannan ɗan littafi naka ne, kai da iyayenka da za su sayar da sa ko buhunan masara don su biya maka.

Zan riƙa cewa "kai" don magana ta yi sauƙi, amma ke 'yata, duk abin da ke ciki ya shafe ki daidai da shi. Ni aikin jinya na karanta, ban karanta ko ɗaya cikin biyun ba. Sai dai duk ranar Allah aikina yana rataye a wuyan masu yin su. In maganin da zan ba mara lafiya babu shi a sito, hannuna ya ɗaure. In na'urar da ke fitar da sakamakon gwajin jini ta tsaya, haka nan. Daga bakin gadon mara lafiya nake kallon maganar.

Ra'ayina zan faɗa tun yanzu, kada in ja ka da nisa. Ga yawancin waɗanda suka fito daga lise bana, kwamfuta ta fi dacewa a fara da ita, tafiyar da asibiti ta biyo baya. Amma na ce yawanci, ban ce kowa ba. Ka karanta har ƙarshe kafin ka kai takardunka wata makaranta.

Mai tafiyar da asibiti, me yake yi tun safe har yamma?

Mutane da yawa suna zaton aikin ofis ne mai sanyi, da kujera mai juyawa da hatimi. Hatimin kam akwai shi. Sauran kuwa lissafi ne da haƙuri da jama'a.

Ɗauki magani ɗaya, allurar artesunate da muke yi wa yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kayar. A ce wani ƙaramin asibiti a wajajen Garwa yana amfani da kwalba 80 a wata yawancin shekara, amma daga Agusta zuwa Oktoba yana cin 300 a wata. A ce kuma daga ranar da aka aika oda zuwa ranar da kaya suka shigo sito mako 6 ne, in hanya ba ta lalace ba. Wanda ya tara na shekara ya raba gida 12 zai sami 135 a wata, ya yi oda a kan haka, ya kwanta hankali kwance. Kafin tsakiyar Agusta sito ya zama fanko. Sai ma'aikaciyar jinya ta rubuta wa uba takarda ya fita gari nema da tsakar dare, yaro na fizge-fizge, kuma Allah kaɗai ya san irin maganin da zai samo a tebur. Wanda ya san aikinsa tun watan Yuni yake aika odar damina, ya kuma ajiye ɗan ƙari saboda motar da za ta maƙale a taɓo. In kuma ya cika hannu ya sayo fiye da kima, magani ya wuce ranarsa a kan kanta, kuɗin da za a biya albashi da su ne aka zubar. Shi ya sa doka ta farko a sito ita ce, wanda ranar lalacewarsa ta fi kusa shi ake fara fitarwa, ko da shi ya zo daga baya.

Magani ɗaya ke nan. Akwai ɗaruruwa. Akwai safar hannu, da zaren ɗinki, da man janareta, da firjin allurar riga-kafi da dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8 dare da rana. Masu karatun Littafi, Kirista da Musulmi, sun san labarin Yusufu da rumbunan Masar. Wannan aiki jikan wancan ne.

Sai kuɗi. A shekarar 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako suka amince jama'a su riƙa biyan wani abu na magani, a juya kuɗin a sake sayo wani. Tun daga nan ƙananan asibitocin ƙasashenmu suke rayuwa da abin da ya shigo akwatin kashiya. Asibitin mishan ma ya fi dogara da shi, domin zamanin da ikilisiyoyin Norwe da Amurka ke aiko da ma'aikata da katan-katan na kaya ya ja baya ƙwarai. Ga kuma shirye-shiryen da ake yin aiki tukuna a biya daga baya. Ka san cek ɗin lafiya na mata masu ciki da aka fara a 2015 a jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa: mace ta biya sefa 6,000, a yi mata awo, a karɓi haihuwa, har tiyata in ta kama, a kuma duba ta da jaririn zuwa kwana 42. Alheri ne babba, mun ga matan da da a gida za su haihu sun zo. Amma ragowar kuɗin aikin ba sa zuwa ranar da aka yi shi. Sai an cika takardu, an tantance, sannan a biya. Tsakanin ranar tiyata da ranar biya wani ne zai san yadda za a yi a sayi zare a biya ungozoma. Wannan wani shi ne mai tafiyar da asibiti. Takarda ɗaya da aka cika ba daidai ba tana iya sa a mayar da fayil ɗin duka.

Na uku, kuma shi ya fi cin rai, mutane. Jadawalin aikin dare da kowa ke ganin an cuce shi. Likita yana son sabuwar na'ura, ma'aji yana cewa babu. Dangi sun zo ɗaukar gawa, ga bashin kwana tara a kanta, idanunsu jajur. Wani babba ya aiko da wasiƙa a ɗauki ɗansa aiki. Makaranta za ta koya maka lissafin kuɗi, tsara kasafi, dokar ƙwadago, dokokin sayayya, tattalin arzikin lafiya da ƙididdiga. Yadda za ka tsaya gaban dattijon da ya haife ka ka ce masa a'a ba tare da ka kunyata shi ba, wannan shekaru ne ke koyarwa.

Mai kwamfuta fa?

A makaranta zai sha lissafi, ya koyi rubuta manhaja, da tsara rumbun bayanai, da haɗa na'urori su yi magana da juna, da tsaron bayanai, da gyara. A asibiti irin namu kuwa, rabin ranarsa a ƙarƙashin tebur take wucewa yana bin waya. Ƙurar hunturu ta toshe fanka. Firinta ta ƙi fitar da rasit ga layi har bakin ƙofa. Wani ya soka filas ɗin da ya kwaso waƙoƙi da shi a kasuwa, cuta ta shiga kwamfutar ɗakin magani. Wutar arewacin ƙasar nan ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, kuma in ruwa ya ja baya da rani kowa ya san abin da ke biyowa. Saboda haka mai kwamfutar asibiti dole ya san batir da sola da janareta, ko bai karanta su ba.

Ɗaya rabin aikin shi ne mai nauyi. Kowane ƙarshen wata muna cika rahoton aiki: haihuwa nawa, yara nawa aka yi wa riga-kafi, zazzaɓi nawa, mutuwa nawa. Da can takarda ce ake ɗora wa mai babur ya kai ofishin gundumar lafiya. Yanzu lambobin suna shiga wata manhaja mai suna DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta Norwe ke jagorantar gina ta, kuma ƙasashe fiye da 70 ke amfani da ita, har da Kamaru da Nijar da Nijeriya. Da waɗannan lambobi ake yanke yawan maganin da za a aiko wa gunduma, da su ake gane ƙyanda ko kwalara ta fara tashi a wani ƙauye. Shirin inshorar lafiya ga kowa da gwamnati ta ƙaddamar da kashin farkonsa a Afrilu 2023, shi ma da na'ura ake yi wa mutane rajista. Wannan aiki ƙaruwa yake yi kowace shekara.

Bari in ba ka misalin da ke nuna bambancin mai kwamfutar da ya san asibiti da wanda bai sani ba. Mutum ɗaya ya zo yau akawu ya rubuta shi Ousmanou, wata mai zuwa wani akawun ya rubuta Ousmane, in ya taɓa zuwa asibiti a Yola katinsa na cewa Usman. Ba shi da takardar haihuwa, ya ce dai an haife shi wajajen shekara kaza. Na'ura kuwa ta ƙi wucewa sai an ba ta rana da wata, sai akawu ya buga 1 ga Janairu, kamar yadda ya buga wa mutum ɗari kafinsa. Yanzu mutum ɗaya ya zama uku a cikin na'ura, ko kuma, wanda ya fi muni, mutum uku sun zama ɗaya, sakamakon gwajin wani ya faɗa fayil ɗin wani. Littafin da aka rubuta a Faransa bai san wannan matsala ba. Ɗan ƙasa da ya zauna kusa da akawu ya ga yadda ake karɓar mara lafiya shi zai san a ƙara sunan uwa, da unguwa, da lambar waya, da lambar kati.

Kada ka ɗauka hatsarin na matalauta ne kaɗai. A watan Mayu na 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urorin asibitocin gwamnati da dama a Ingila, aka soke ganin likita da tiyata kusan 19,000. Abin da ke tsare asibiti daga irin wannan ba ya burge kowa: a sabunta manhaja a kan lokaci, a kwafe bayanai kullum a ajiye su wani wuri dabam, a kuma riƙa gwada kwafin a ga yana buɗewa.

Maganar ƙofa

Ayyukan biyu duka masu daraja ne, duka asibiti na buƙatarsu. Abin da ya sa na fifita ɗaya a farko shi ne yadda ake shiga kowannensu.

Ka ƙirga kujerun tafiyar da asibiti da ke garinku. Ƙaramin asibitin da ke da ma'aikata goma ko goma sha biyu ba shi da wani manaja, babban ma'aikacin jinya ne ke haɗa komai. A asibitin gunduma na gwamnati likita ne darakta, a gefensa akwai ekonom mai kula da kuɗi da sayayya, da mai kula da ma'aikatan jinya. A babban asibitin mishan za ka sami kujeru kaɗan: manaja, akanta, mai kula da ma'aikata, mai sito. Wanda ya hau ɗaya daga cikinsu yakan shekara goma ko ashirin a kai. In ta faɗi kuma, kwamitin asibiti yakan duba cikin gida ne, ya ɗauko wanda ya daɗe yana gani, wanda aka gwada da kuɗi aka ga bai taɓa ba. Ba son kai ba ne kullum. Kai ma in rumbunka ne, ba za ka miƙa makullinsa ga saurayi ɗan shekara 22 da ka fara gani jiya ba, komai kyan takardarsa.

To, ga matashi ya fito da lisans ɗin tafiyar da asibiti bayan shekara 3. Ya san ka'idar kasafin kuɗi, amma bai kai akanta sanin lissafi ba. Ya san sunayen cututtuka, amma ba zai iya taɓa mara lafiya ba. Takardarsa ta ce shugaba, kujerar da ke akwai kuwa ta akawu ce, ita ma ana rububinta. In ya juya wajen banki ko kamfanin waya, sai a ce masa ai kai na asibiti ne. Na ga irinsu, yara masu ƙwazo, suna sitaj na kyauta shekara guda, biyu, uwa na tambaya yaushe za a fara biya.

Ilimin kwamfuta sana'ar hannu ce, ana iya nuna ta. In firinta ta tsaya ka tayar da ita, ba wanda zai tambayi shekarunka ko ɗan wane ne kai. Kujerunta a asibiti su ma ba su da yawa, kar in ruɗe ka: babban asibiti mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka, ƙananan kuwa kira suke yi in abu ya lalace. Amma ƙofofinta na waje suna da yawa. Banki da asusun ajiya na unguwa, kamfanonin waya da wakilan Orange Money da MTN, makarantu, ƙungiyoyin agaji da ke aiki da 'yan gudun hijira suna neman mai tattara bayanai, 'yan kasuwar da ke son a tsara musu lissafin shago. In duk ba a samu ba, mutum na iya kafa teburinsa. Ba wanda ya taɓa kafa teburin tafiyar da asibiti a bakin kasuwa.

Akwai kuma maganar komawa baya. Wanda ya yi kwamfuta ya shiga asibiti ya shekara huɗu ko biyar, ya riga ya ga sito da akwatin kashiya da ɗakin gwaji ta cikin na'ura, domin duk lambobinsu ta hannunsa suke bi. In ya ga zuciyarsa na wajen shugabanci, mastar shekara 2 ce. Makarantar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Katolika da ke Yawunde tana koyar da tafiyar da asibiti a wannan mataki, haka ma CESAG a Dakar. A nan ake zama aji ɗaya da likitoci da ma'aikatan jinya da akantoci, kowa ya zo da tabon aikinsa, darasi ya sami abin da zai kama. Amma wanda ya fara da tafiyar da asibiti, daga baya ya so kwamfuta, yawanci sai ya koma tun daga tushe, da lissafin da ya rabu da shi shekaru, ga iyali. Hawa daga can zuwa nan ya fi wuya.

Za ka ji ana cewa yanzu na'urori suna rubuta manhaja da kansu, masu kwamfuta za su rasa aiki. Akwai ƙamshin gaskiya ga wanda iyakar abin da ya iya shi ne kwafar ɗan rubutun manhaja. Amma har yanzu ban ga na'urar da za ta hau tsani ta ja waya daga ɗakin gwaji zuwa ɗakin haihuwa ba, ko ta zauna da ungozoma mai shekara 55 ta koya mata shigar da awo ba tare da ta raina ta ba.

Waɗanda shawarata ba ta hau kansu ba

Idan lissafi ya daɗe yana ba ka kashi, ka ci bak ɗinka da ƙarfin Faransanci da tarihi, kada ka jefa kanka ilimin kwamfuta don an ce akwai aiki. Iya Facebook da saka wa mutane manhaja a waya ba ya nuna komai a kan wannan karatu. Shekarar farko lissafi ce da tunani mai sarƙa, kuma a nan ake zubar da mutane. Gare ka, ilimin akanta ko na tafiyar da kamfani gaba ɗaya ya fi, domin shi ma sana'a ce da ake nema ko'ina, kuma ta ofishin akanta mutane da yawa suka hau kujerar manajan asibiti.

Idan kuma kai ma'aikacin asibiti ne tun tuni, ka shekara takwas a jinya ko a ɗakin magani, ana yawan bar maka riƙon ƙwarya in babba ya yi tafiya, to magana ta juya. Kai ne ainihin wanda aka tsara karatun tafiyar da asibiti dominsa. Je ka yi shi, ka nemi asibitinku ya rubuta maka a takarda cewa kujerarka tana jiranka. Haka ma saurayin da ikilisiya ko wata ƙungiya ta ce za ta biya masa karatun kuma ta ɗauke shi bayan ya gama: in alkawarin a rubuce yake da sa hannu, ƙofarsa a buɗe take, sai ya shiga. Alkawarin baki kuwa, mai yin sa na iya samun canjin wurin aiki kafin ka kai aji biyu.

Ke 'yata, za a ce miki kwamfuta ta maza ce. Ban san wace waya ce ke tambayar jinsin hannun da ya haɗa ta ba. Ayyukan biyu ba su da kwanan asibiti irin namu, abin da yakan kwantar wa iyaye da miji hankali. Ki kuma tuna aure na iya kai ki garin da asibitinsa ɗaya ne, kujerar manajansa da mai ita. Sana'ar da za ki iya naɗewa a jaka ki tafi da ita tana da ranarta.

Mu ma'aikatan jinya muna alfahari da Florence Nightingale, amma ba kasafai ake gaya wa ɗalibai rabin labarinta na biyu ba. Ta isa asibitin soja na Scutari a Nuwamba 1854 da mata 38, lokacin yaƙin Kirimiya. Ta tsara sito da wanki da girki, ta kuma riƙe lissafi. Da lambobi ta nuna wa hukumomin Ingila cewa cututtuka sun kashe sojojinsu fiye da raunukan yaƙi nesa ba kusa ba, har a 1858 ƙungiyar masana ƙididdiga ta London ta karɓe ta, mace ta farko. Sito da lambobi a hannu ɗaya suke a wurinta. Duk wanda ka zaɓa, ka tsinci ɗan abin ɗayan: mai tafiyar da asibitin da bai iya Excel ba akawunsa ne ke mulkinsa, mai kwamfutar da bai san me ake nufi da awon ciki na huɗu ba zai shigar da shirme da kyakkyawan tsari.

Gwada kanka kafin a sayar da san

Gani ya kori ji. Kafin rajista, nemi izini a asibiti mafi kusa da kai ka yi mako biyu. Mako ɗaya ka zauna kusa da mai sito da kashiya, ɗayan ka bi mai gyaran kwamfuta duk inda ya sa ƙafa. Yawancin asibitocin mishan ba sa ƙin irin wannan roƙo in ya zo a rubuce ta hannun wani babba. Da yamma ka tambayi kanka wace gajiya ce ta fi maka sauƙin ɗauka: ta mutumin da ya yi maka tsawa rabin awa a kan kuɗin da ba kai ka yanka ba, ko ta awa uku kai kaɗai gaban allo kana neman waƙafi ɗaya da ya hana komai tafiya. Kowane aiki da irin gajiyarsa, ita za ka aura shekara talatin.

Ka kuma auna kanka da amana, don dukansu biyu ita ce jarinsu. Mai tafiyar da asibiti kuɗi ne ke bi ta hannunsa, mai kawo kaya zai ja shi gefe ya ce ga na goro, kawunsa zai zo ya ce a yafe masa kuɗin gado. Mai kwamfuta kuwa yana ganin abin da ko fasto da liman ba su sani ba: wa ke karɓar maganin ƙanjamau, wace yarinya gwajin cikinta ya nuna. A gari irin namu da kowa ya san kowa, kalma ɗaya a majalisar shayi ta isa ta kashe aure ko ta sa mutum ya daina zuwa karɓar maganinsa. Akwai doka, tun ta 2010 a kan laifukan intanet, amma kafin doka ta iso ɓarna ta riga ta auku. In ka san bakinka ba ya riƙe magana, ka nemi aikin kwamfuta a wani wuri, ka bar mana asibiti.

Zaɓen makaranta

Ba sai ka tafi kudu ba. Jami'ar Ngaundere da ke Dang tana da IUT, inda ake shiga ta konkur a yi DUT na kwamfuta a shekara 2, a ƙara ɗaya a sami lisans, ga kuma sashen lissafi da kwamfuta a tsangayar kimiyya. Makarantar injiniya ta Jami'ar Marwa ita ma tana koyar da kwamfuta da sadarwa. Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnati sefa 50,000 ne a shekara, amma Baba, kada a yi lissafi a kan wannan kaɗai. Ɗaki da abinci da mota da kwafin darussa sun ninka shi sau da yawa, kuma ɗalibin kwamfuta dole ya mallaki tasa, ko ta hannu ce. Wanda ke jiran ta aro ba zai koyi komai ba. Ya kuma dage da Ingilishi, don yawancin bayanan wannan fanni da shi ake rubuta su. Mai tafiyar da asibiti shi kuma rubutun Faransanci mai tsabta yake buƙata, da Fulatanci a baka, in a arewa zai yi aiki.

Makarantu masu zaman kansu sun cika gari, wasu na kirki, wasu allo ne kawai da fenti. Kafin a biya ko dala, je da ƙafarka. Nemi ganin takardar izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, ka duba ko sunan fannin da kake so yana ciki, don makaranta na iya samun izinin wani fanni ta riƙa koyar da wani. Ƙirga kwamfutocin da ke kunne a ɗakin gwaji, ka raba da yawan ɗalibai. Tambayi nawa suka zauna jarrabawar BTS bara, nawa suka ci. In tafiyar da asibiti suke koyarwa, tambayi a wane asibiti ɗalibansu ke sitaj, sannan ka je can ka tambayi ko an san su. Ka nemi tsofaffin ɗalibai biyu ko uku ka ji inda suke aiki yanzu. Ɗan acaɓan da ke tsaye a ƙofar makarantar yakan san wannan fiye da ofishin darakta.

Takardun konkur kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ka ɗauko takardar haihuwarka da ta bak da katin ɗan ƙasa ka jera su a tabarma, ka duba harafi bayan harafi ko sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a dukansu. In akwai saɓani, gyaransa na iya kai ka har kotu, ya ci watanni, ranar rufe karɓar takardu kuma ba ta jiran kowa.